Zangarniyar Shaida

Tun da ya yi ritaya ya koma Cadakori, tsohon ba ya son a tayar masa da zancen aiki. Jikarsa ce ta buɗe masa baki. Tana karatun aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, an yi musu darasi a kan abin da ake kira efijenetik, ta zo hutu ta tsare shi a zaure. "Kaka, irin nan da kuka yi shekara da shekaru kuna dannawa cikin sanyi, wa ya tabbatar muku yadda ya shiga haka yake fitowa?" Ya yi mata kallon sama da ƙasa ya ce, "Amarya, ke da malamanki kun makara. Mun riga ku yin wannan tambaya, sai dai mu a gona muka yi ta."

Ya shiga aikin ajiyar iri yana saurayi, a matsayin lebura a wata tashar bincike, a lokacin da Nijar take fitowa daga farin 1973 da 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda Turawa ke kira rozet, ta share gonaki daga Kano har Maraɗi da Damagaram, ta karya kasuwar da ta gina Maraɗi. A wannan shekarar aka kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ta gaji tashoshin da cibiyar IRAT ta Faransa ke riƙe da su, ciki har da ta Tarna. Shekara guda kafin nan an kafa wata hukuma a Roma, IBPGR, don tattara irin amfanin gona kafin ya salwanta, kuma da goyon bayanta masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa suka zagaya ƙauyukan Nijar a 1976 suna karɓar gero da dawa daga hannun manoma. Tsoron da ke zukatan kowa a lokacin ɗaya ne: mutane sun cinye irinsu saboda yunwa, abin da ya rage kuma sabon iri zai zo ya tura shi gefe.

Duk wannan a guje yake faɗarsa, kamar mai biyan karatun da ya haddace. Inda yake zama ya miƙe ƙafa shi ne zancen maigidansa.

Maigidan nan ba injiniya ba ne, bai taɓa zama a aji ba. Shugaban leburori ne, Bagobiri mai tsage har wuya, wanda ya fara aiki tun zamanin Nasara. Idan aka kawo sabon samfur, kafin a ɗora shi a sikeli sai ya ɗebi ƙwaya biyu ya ciza. In ta fashe ƙas, ya ce a wuce da ita. In haƙori ya nutse ko kaɗan, ya ce a mayar da ita shanya a inuwa, ko da takarda ta ce ta bushe. Tsohon ya ce sau da yawa an sa na'urar auna laima ta yi gardama da haƙorin nan, na'urar ce ake komawa a gyara. Amma babban abin da ya gada daga gare shi shi ne zangarniyar shaida. Duk samfurin gero da ya shigo, sai a ware zangarniya guda cikakkiya, ba a sussuke ta ba, a ɗaura mata kati mai lamba da sunan gari da sunan da mai ita ya kira ta da shi, a rataye a wani ɗaki mai duhu. Ƙwayar ta tafi sanyi, zangarniyar ta zauna a matsayin mai ba da shaida. Ranar da aka fito da irin aka shuka, bayan shekara biyar ko goma, idan ya nuna, sai a sauko da tsohuwar a jera ta kusa da sababbi a kan tabarma. A dubi tsawo, a dubi kauri, a dubi yadda ƙwaya ta matse, da launinta, da ko tana da gashi. Geron zango, wanda zangarniyarsa kan wuce mita guda, in ya dawo da tsawon kamu guda, ba sai an kira kowa daga Faransa ba, an san an yi ɓarna a wani wuri. In kuma abin ya rikice, maigidan ya sa a nemo dattijo daga yankin da aka samo irin, a ba shi kuɗin mota da goro, a kai shi bakin layi a yi shiru. Ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura ƙaiƙayi, ya ce nasu ne, ko ya ce wannan ya sha ruwan wani gari.

Ɗakin nan babu shi yanzu. Ƙwari sun ci wasu zangarniyun, sauran kuma aka kwashe lokacin da ake neman wurin ajiye kwamfutoci. Har yau in ya zo nan a labarin sai ya yi tsaki.

Abin da suke yi a ɗakin sanyi kuwa ba wani sirri ba ne. Tun kafin ya fara aiki wani Ba'amurke mai suna Harrington ya fitar da ƙa'idar da kowa ke aiki da ita: duk kashi ɗaya cikin ɗari da aka rage na laimar ƙwaya, rayuwarta ta ninka, duk digiri biyar da aka rage na zafi, ta sake ninkawa. Shi ya sa ake busar da iri har laimarsa ta sauko tsakanin kashi 3 zuwa 7, a liƙe shi cikin jakar aluminiyom, wanda za a riƙa taɓawa a ajiye a wajen digiri 5, na dogon zango kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Su da ƙwayoyin silika suke busarwa, masu shuɗi, waɗanda in sun sha laima suke komawa ruwan hoda, a soya su a tanda su dawo shuɗi a sake zubawa. Yana iya shafe rabin awa yana bayanin yadda ake fito da jaka daga sanyi: ba a buɗe ta nan take, sai an bar ta ta kwana a kan tebur ta ɗauki zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan ƙwaya, aikin wata guda ya lalace cikin minti biyu. Wake da ya bushe ƙarau kuma ba a jefa shi ruwa kai tsaye, sai an bar shi ya shaƙi laimar iska tukuna, don in ya kwankwaɗi ruwa da gaggawa sai cikinsa ya tsattsage, a ɗauka ya mutu a ajiya alhali a wurin gwaji aka kashe shi. Gyaɗa ce mai saurin gajiya saboda mai. Gero kuwa jarumi ne.

Daga nan sai ya zame zuwa 1984, shekarar da mutanen wannan yanki ke kira 'Yar Buhari, saboda yunwar ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ya ce a wannan shekarar ya ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman hatsi, shi kuma da makullin ɗakin da ke cike da gero a aljihunsa, geron da duk an haɗa bai fi buhu kaɗan ba, amma kowace jaka gari guda ce. Wani dare wuta ta ɗauke, injin janareto ya ƙi tashi, shi da maigidan suka jiƙa buhunan algarara suka lulluɓe firiza, suka zauna a bakin ƙofa har asuba don kada wani mai karambani ya buɗe ya duba ko sanyin yana nan. Matsalar wuta ba ta tsufa ba. Layin da ke ba Maraɗi wuta daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an katse shi na tsawon watanni. Ya ce da ya ji labari a rediyo, firizoji ne suka fara faɗo masa a rai kafin komai.

Sai da jikar ta dawo da shi kan hanya. Ita ba mutuwar iri take tambaya ba. Abin da aka koya musu shi ne, ana iya samun shuka biyu da rubutun gadonsu, wato DNA, iri ɗaya ne sak, amma halinsu ya bambanta, domin akwai wasu ƙananan alamomi, mafi shahara a cikinsu ana kiransa metil, da ke manne wa rubutun su rufe wani sashe ko su buɗe shi. Kamar baƙi da wasali ne a allo: baƙaƙen ba su motsa ba, amma in aka sauya wasali karatu ya sauya. Zafi, da fari, da sanyi, da tsufan ƙwaya duk suna iya taɓa waɗannan alamomi, kuma a tsirrai wasunsu kan bi iri su kai ga 'ya'ya.

Misalin da ya fi tsorata masu wannan sana'a daga Malesiya ya fito. A shekarun 1980 kamfanonin kwakwar manja suka ɗauki itatuwa mafi yawan mai, suka yanki tsokarsu suka raina a kwalba, suka fitar da dubban 'ya'ya masu gado iri ɗaya. Aka dasa, aka jira shekaru, sai wasu suka yi 'ya'ya naƙasassu marasa mai. An bincika rubutun gado ba a ga inda ya canja ba. Sai a 2015 aka gano cewa alamomin metil ne suka zube daga wani ɗan yanki da aka laƙaba wa suna Karma. Itatuwan ba su taɓa shiga sanyi ba, zaman kwalba ne ya yi musu wannan aika-aika.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, kuma abin bai ba shi mamaki ba, don a ganinsa hujja ce aka kawo masa. Matsayinsa tun yana aiki shi ne, sanyi ba ya canja iri. Abin da ke canja shi yana faruwa ne a bakin ƙofa, wajen shiga da wajen fita. Kuma a nan binciken zamani ya fi karkata wajensa. Amfanin gonar da ba a ajiye shi ta ƙwaya, irin su rogo da doya da dankali da ayaba, ana yankar ɗan kan tohonsa ne, abin da bai fi milimita guda ba, a jiƙa shi a ruwan sukari, sannan a tsoma shi cikin wani haɗin sinadarai da Bajapane Akira Sakai da abokan aikinsa suka fitar a 1990, PVS2, wanda ke zuƙe ruwan cikin tsoka don kada ƙanƙara ta tsaga ta. Sai a ɗora shi a ɗigo a kan 'yar takardar aluminiyom a nutsa cikin ruwan naitorojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Kusan haka ake ajiye ayabar duniya a Leuven ta Beljiyom, da dankalin Turawa a Lima ta Peru da Gatersleben ta Jamus, kuma cibiyar IITA ta Ibadan tana yi wa rogo da doya. A irin wannan sanyi babu wani aiki da ke gudana cikin tsoka, ba mai manna alama ba mai cire ta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tsirrai da dama sun nuna rubutun gadon yana fitowa lafiya, alamomin metil kuwa sukan ɗan motsa, amma galibi sawun yana komawa ga rainon kwalba, da busarwa, da sinadaran, da farfaɗowa bayan an fito, kuma sau da yawa motsin kan lafa in shuka ta girma. Ƙwayar da ke digiri 18 ƙasa da sifili ita ba ta tsaya cak haka ba, tana tsufa a hankali, kuma an ga alamomin suna sauyawa a ƙwayar da ta fara gajiya. Wannan ma, in ji shi, sun san maganinsa tun da: a riƙa gwada tsiro, da zarar ya faɗi ƙasa da kashi 85 na yadda ya fara, a fitar a sabunta.

Sabuntawar nan ita ce inda yake ganin ana yin kisan kai ba a sani ba. Gero bai cika auren kansa ba. Kan macen furen ke riga fitowa, kafin bununin zangarniyar ya zubo iska ta riga ta kawo na maƙwabta. In aka shuka samfur hamsin a jere aka bar su a buɗe, abin da za a girbe sunansa gauraye, ko da an mayar da shi jaka mai tsohuwar lamba. Su a zamaninsu kowace zangarniya sai an sa mata hular takarda tun kafin ta gama fitowa. Da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke, a bi layi a kaɗe bununi daga tsirrai masu yawa cikin jaka guda, a gauraya, a koma a barbaɗa wa waɗanda suka shirya, a mayar da hula. Bununi ya cika ido da hanci, rana ta daki ƙeya. Mai ƙiwuya sai ya yi da tsiro goma ya ce ya gama, alhali maigidan ba ya yarda da ƙasa da ɗari, don irin gari ba abu guda ba ne: a cikinsa akwai mai saurin nuna, da mai jure ƙuduji, da wanda murzuna ba ta cika so ba, in ka ɗebi kaɗan ka zubar da saura. Ga kuma shibra, wadda ke zubar da ƙwaya tun kafin girbi, in ba a tumɓuke ta da wuri ba ta zuba nata bununin a ciki. Duk wanda ya yi sakaci a waɗannan, in ji tsohon, ba shi da bakin da zai zargi firiza.

Abin alfaharinsa shi ne abin da ya faru a 2003. Masu binciken IRD, wato tsohuwar ORSTOM, tare da takwarorinsu na Nijar, suka koma ƙauyuka 79 da aka ziyarta a 1976, suka sake karɓar iri. Aka fito da tsohon irin daga sanyi, aka shuka su gefe da gefe a Sadore, tashar ICRISAT da ke kudu da Yamai. Sakamakon da Yves Vigouroux da abokan aikinsa suka buga a 2011 ya nuna manoma ba su watsar da irinsu na gado ba kamar yadda aka ji tsoro, amma irin da kansa ya sauya a hannunsu: ya fi saurin fure, zangarniya ta ɗan gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai sa saurin fure ya tashi daga wajen kashi 10 zuwa wajen kashi 18 cikin ɗari. Damina ta gajarta, gero ya bi ta. Tsohon ba shi ya yi wannan bincike ba, bai kuma ce shi ya yi ba. Abin da yake cewa shi ne, da ba a amince cewa irin 1976 ya fito daga barcin shekara 27 a matsayin kansa ba, da babu abin da za a auna na 2003 da shi. Wasu ne suka busar da shi, suka liƙe, suka rubuta lamba daidai, kuma irin waɗannan mutane ba a ganin sunansu a saman takarda.

Da yaran yanzu kuwa yana da ƙorafi buhu-buhu, wasu da gaskiyarsa, wasu na tsufa ne kawai. Ya ce suna zuwa da motar furoje da na'ura a hannu, su tsaya a kasuwa su sayi tiya guda su ce sun tattara irin gari, alhali rabin abin da ke kasuwar daga wani wuri aka kawo shi. Irin gaske yana cikin rumbu, a damin da maigida ya zaɓa da hannunsa ranar girbi ya ajiye daban, wanda ba a taɓa shi sai yunwa ta kai wuya. Ya ce furoje na shekara uku zai sayi firiza sabuwa fil, a yi biki a ɗauki hoto, amma ba wanda zai ware kuɗin hular takarda da leburori na shekara ta goma. Yana jin daɗin cewa akwai rumbun Svalbard a Norwe, wanda aka buɗe a 2008 cikin dutse mai ƙanƙara, kuma ya san ya yi rana a 2015 lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab ta je ta karɓo ajiyarta. Sai dai yakan ƙara da cewa Svalbard ba ta shuka komai, akwati take karɓa a rufe ta mayar a rufe; in gauraye ka aika, gauraye za a dawo maka da shi. A nan mai sauraro zai iya yi masa gardama cewa na'urorin da yake rainawa suna ganin abin da idon maigidansa ba zai taɓa gani ba, kuma da su aka warware matsalar kwakwar Malesiya. Ba ya musu. Cewa yake a haɗa biyun, kuma a fara da gona.

Akwai kuma aya, wadda yake ganin an yi wa rashin adalci. Ƙasar Agye da Gazawa da Cadawa ita ce cibiyar nomanta a Nijar, ana lodinta zuwa Najeriya, mata da yara suna shan ƙura wajen rairaye ta daga ƙasa bayan an ƙone ganyen. Ba ƙwaya ake shukawa ba, 'ya'yan da ke cikin ƙasa ake mayarwa, don haka tana sahun rogo da dankali, irin amfanin da tambayar alamomin nan ta fi shafa, tunda abin da uwa ta ɗauka kai tsaye yake wucewa ga 'ya. Babbar aya da ƙarama, duk manoma ne ke riƙe da su daga damina zuwa damina.

Shi kansa yanzu zango yake nomawa a wata 'yar gona a bayan gari, daga irin da ya karɓa wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa. Maƙwabcinsa na gabas irin geron da ake kira HKP yake shukawa, na arewa kuma ya koma Chakti, sabon irin da aka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe, wanda ke nuna cikin kwana saba'in ko ƙasa da haka. Chakti ba ta dame shi ba, tana gama bununi kafin nasa ya fito. HKP ce matsala a shekarar da maƙwabcin ya makara da shuka, don sai furensu ya haɗu. Bara ya je har gida ya roƙe shi ya yi binne tun kafin ruwan farko, mutumin ya ce ba zai zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ɓeraye da tsuntsaye su cinye ba saboda tsawon zangarniyar wani. Sai tsohon ya sayo takardun buhun siminti a Tibiri, ya yanka ya ɗinka huluna, ya sa yaran gidan bin layi da hantsi, kowane ɗaya da alkawarin kuɗin ƙosai.